Awon dalma da kadmiyam a naman ƙumbar teku: sakamako ya zo a juye

Sadiya_Tema

Assalamu alaikum masu wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da awon ƙarafa masu guba a jikin halittun ruwa. Aikin shi ne a kwatanta wurare uku a gaɓar tekun Ghana ta hanyar auna naman ƙumbar teku, mai ruwan ƙasan nan da ke manne wa duwatsu, Perna perna. Wuri na farko kusa da tashar jiragen ruwa ta Tema, na biyu bakin kogin Pra a Shama saboda haƙar zinariya da ake yi a saman kogin, na uku kuma duwatsun yamma wajen Cape Three Points, wanda aka ɗauka a matsayin wuri mai tsabta.

Ga yadda aka yi gwajin farko. An ɗebo guda goma-goma, manya da ƙanana. A Shama ƙumba ba ta samu ba, sai aka ɗebo kawa (oyster, wata mai ɓawo biyu kamar ƙumba) daga saiwoyin itatuwan bakin ruwa. An buɗe su da wuƙar kicin, an busar a obin a digiri 105, an narkar da giram 0.5 cikin asid ɗin naitirik a kan farantin zafi, an cika zuwa mililita 50, aka karanta a na'urar AAS mai harshen wuta, wadda ke auna ƙarfe ta yawan hasken da ya tare, don ita kaɗai ke akwai.

Dalma ta fi yawa a wurin mai tsabta fiye da Tema. Kadmiyam a wasu samfuran ya sauka ƙasa da sifiri. Tutiya (zinc) kuwa a Shama ta ninka ta sauran wuraren sau da yawa. Ina matsalar take, kuma me za a gyara kafin babban ɗiba?

Nuhu_Awo

Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Kafin a zargi teku, a fara da lissafi. Giram 0.5 cikin mililita 50 na nufin an tsinka samfurin sau 100. Idan busasshen nama yana ɗauke da miligiram 1 na dalma a kowane kilo, wanda ba baƙon adadi ba ne a wurin da bai ƙazantu sosai ba, abin da zai isa na'ura miligiram 0.01 ne a lita. Nan ne iyakar ganin harshen wuta a takardar kamfani, da sabuwar fitila da komai daidai. A aikace sai dalma ta kai wajen 0.05 zuwa 0.1 a lita kafin a yarda da lambar. An ɗora gwal ne a sikelin buhun masara: allura za ta motsa, amma ba nauyin gwal take nunawa ba.

To me ya sa wuri mai tsabta ya fi? Na fi zargin gishiri. Ƙumba tana rufe ruwan teku a cikin ɓawonta. In ba a tsiyaye shi ba aka busar, gishirin yana nan cikin garin. A cikin harshen wuta shi ma yana tare haske, musamman a gajeren zangon haske (ana auna shi da nm) kamar 217.0 nm na dalma da 228.8 nm na kadmiyam, na'ura kuma ta ƙirga shi a matsayin ƙarfe. Duk samfurin da aka fi bar wa ruwa sai ya fito ya fi kowa dalma. Tabbatar da wannan ba wuya. Ki duba ko an kunna fitilar diyuteriyam mai cire wannan duhun. Ki sake karanta kwalaben a 283.3 nm, in lambar ta rushe, ba dalma ba ce. Sannan ki narkar da giram 0.1 na tsarkakakken gishirin ɗakin gwaji a mililita 50 na asid iri ɗaya, ki karanta shi kamar samfur, ki ga abin da zai ba ki.

Kadmiyam ƙasa da sifiri kuwa ma'anarsa kwalbar fanko, wadda aka zuba wa asid kaɗai, ta fi samfurin karatu. Ba a rubuta irin wannan lambar a rahoto, ba a kuma mayar da ita sifiri. Ana rubuta cewa yana ƙasa da iyakar gani, a faɗi iyakar.

Shawarata: ki bar wa harshen wuta tutiya a 213.9 nm, jan ƙarfe a 324.8 nm da baƙin ƙarfe a 248.3 nm, ki kuma cika zuwa mililita 25 maimakon 50 saboda jan ƙarfe. Dalma da kadmiyam a kai su inda ake da AAS mai tandar girafait ko ICP-MS, na'urar da ke tantance ƙarafa ta nauyin ƙwayoyinsu. A girafait ana zuba maikurolita 20, a haɗa da amoniyam fosfet da magniziyam naitiret don su riƙe ƙarfen yayin da ake ƙone datti tsakanin digiri 500 zuwa 850, sannan a karanta wajen 1500 zuwa 1600. In ba a sa wannan haɗin ba, kilorin ɗin gishiri yana tashi da dalma da kadmiyam tun kafin lokacin karatu, sakamako ya faɗi ƙasa. In wani ya ce a kai injin nukiliya na bincike da ke Kwabenya a Ghana ko na Zariya, hanyar nan tana da kyau ga ƙarafa da dama, amma ba ta dace da dalma ba.

Dakta_Rabi

Malam Nuhu ya gama da na'ura. Ni matsalar da na fi gani tana bakin teku, kuma ita ba ta gyaruwa a ɗakin gwaji.

Tutiyar Shama ba labarin kogin Pra take bayarwa ba, labarin kawa take bayarwa. Kawa tana tara tutiya da jan ƙarfe da azurfa fiye da ƙumba sau goma ko sama da haka, ko da a ruwa ɗaya suke zaune. Ƙumba kuma jikinta yana daidaita tutiya da jan ƙarfe, ba ta barin su hau yadda suka ga dama, shi ya sa ba ta da kaifi wajen nuna waɗannan biyun. A dalma ita ce ke gaba da kawa. Shirin sa ido na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wanda ke gudana tun 1986 bisa shawarar da Edward Goldberg ya kawo a 1975, yana amfani da duka biyun saboda ba ko'ina ake samun ƙumba ba, amma ba ya haɗa lambobinsu a ma'auni ɗaya ga waɗannan ƙarafan. Ki yi jeri biyu: ƙumba da ƙumba a duwatsu, kawa da kawa a bakin koguna. Shama sai a kwatanta ta da wani bakin kogin, kamar na Ankobra kusa da Axim ko na Densu.

Sai girma. Ƙarama da babba ba sa ɗaukar ƙarfe daidai, don haka ki tsayar da zango ɗaya, misali santimita 5 zuwa 6, ki tafi da ma'auni bakin ruwa, wadda ta fita zangon a mayar da ita. Goma sun yi kaɗan, domin ƙumba biyu a dutse ɗaya suna iya bambanta ninki biyu. NOAA tana haɗa ƙumba 30 ko kawa 20 a samfur guda. Ki yi irin wannan haɗin sau uku a kowane wuri, daga kusurwoyi uku masu ɗan tazara. In haɗi ɗaya ne kawai, ba ki da abin da za ki auna bambancin cikin wuri da shi, kuma karanta kwalba ɗaya sau uku ba ya maye gurbinsa.

Tsayin dutse ma yana da tasiri. Ta sama tana daɗewa a waje idan ruwa ya ja, ba ta tace ruwa kamar ta ƙasa. A ɗebo daga tsayi ɗaya a ko'ina. Ruwa ya fi ja a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, don haka a tsara a gama wuraren uku cikin mako ɗaya na irin waɗannan kwanakin. Kada a ɗebo daga jikin ƙarfen gada, sarƙa, ko jirgin da aka shafa wa fenti mai hana tsiro, fentin nan cike yake da jan ƙarfe. A yanke zaren da take manne wa dutse da shi, kada a fizge, in an fizge takan ji rauni ta mutu a hanya.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙiba. Kafin ta zubar da ƙwai namanta yana cika, ƙarfen da ke jikinta ya tsinke cikin nama mai yawa. Da ta zubar sai ta rame, adadi a kowane kilo ya hau, alhali ruwan bai canza ba. Saboda haka ki auna nauyin busasshen nama da na busasshen ɓawo na kowane haɗi, ki raba na farko da na biyu, ki ajiye lambar kusa da sakamako. Idan ƙumbar Tema ta fi ƙiba saboda abincin da ƙazantar gari ke kawowa, wannan kaɗai zai iya sa ta fito kamar ta fi tsabta.

Ga kadmiyam akwai abu biyu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa a gaɓar Ghana, kuma irin wannan ruwan yana zuwa da kadmiyam nasa na asali. An san haka a Kalifoniya da gaɓar Muritaniya, inda ake samunsa da yawa a wurin da babu masana'anta. Na biyu, idan gishirin ruwa ya ragu, kadmiyam ya fi shiga jiki, don kilorin da ke ɗaure shi ya yi kaɗan. Kawar bakin kogi a damina za ta nuna fiye da ta rani ko da abin da kogi ya kawo bai ƙaru ba. Ki riƙa auna gishirin ruwa da zafinsa a kowane ɗiba.

Kafin a buɗe su, a bar su kimanin awa 24 cikin ruwan wurin da aka bari ya kwanta don su zubar da abin da ke cikinsu, a bokitin roba mai tsabta, a kan raga don kada su sake haɗiye abin da suka fitar. Haka Faransawa ke yi a shirinsu na Ifremer, cibiyarsu ta binciken teku. Shirin nan ne ya gano yawan kadmiyam a kawar mashigin Gironde, aka bi sawu har masana'antar tutiya kusa da Decazeville, can nesa a saman kogin Lot. Mai duba kogin Pra ya kamata ya karanta wannan labarin.

Garba_Lab

Dakta, a gafarce ni, a kan zubar da cikin nan akwai magana biyu. NOAA ba ta yi. In manufar ita ce lafiyar mai ci, mutane da cikin suke cinye ta, sai a auna yadda take. In kuma manufar kwatanta wurare ce, ina tare da ke, domin laka a hanji tana kumbura dalma da kuromiyam da nikel. Wanda bai samu halin yi ba, ya auna alminiyam da baƙin ƙarfe. In sun yi tsalle tare da dalma a samfur ɗaya, laka ce. Abin da ba ya halatta shi ne a yi wa wani wuri a bar wani.

Malama Sadiya, ga ɓangaren tsabta. Duk kwalba da mazubi a jiƙa su a asid ɗin naitirik kashi 10 cikin ɗari na awa 24 zuwa 48, a ɗauraye sau uku da tataccen ruwa mafi tsarki, mai 18.2 megohm a ma'aunin tsarkin ruwa, a bar su su bushe a kife cikin rufi. Roba irin folifirofilin ko tefulon ta fi gilashi. Wuƙar kicin ta fita daga aikin: ƙarfenta yana zubar da kuromiyam da nikel. A nemo ta taitaniyam, ta tangaran ko ta roba. Safar hannu ta zama marar hoda, don hodar da murfin baƙar roba suna kawo tutiya. A lokacin hunturu ƙura tana sauka cikin duk mazubin da aka bari a buɗe, ko da taga a rufe take.

A goge bayan ɓawo da burushin roba, a buɗe, a kife su minti biyar ruwan ya tsiyaye, a cire zaren, a auna nauyin ɗanyen nama. Busarwa a daskare ita ce mafi kyau. In babu, obin a digiri 60 har nauyi ya daina raguwa, yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Digiri 105 na wani ɗan kaso ne daban da za a gane yawan ruwa da shi. A niƙa a turmin agat ko na tangaran har ya zama gari, domin ƙarfe ya fi taruwa a hanta da ƙoda, in ba a gauraya sosai ba cokali biyu daga kwalba ɗaya za su saɓa.

Narkarwa a maikurowef na ɗakin gwaji: giram 0.25 zuwa 0.5, asid ɗin naitirik mai kashi 65 mililita 6 zuwa 8, a bar shi a buɗe cikin akwatin zuƙe hayaƙi aƙalla rabin awa har kumfa ta lafa, a ƙara haidirojin feroksaid mai kashi 30 mililita 1 zuwa 2, a rufe. A hau zuwa digiri 180 ko 200 cikin minti 15 zuwa 20, a tsaya nan minti 15. Kada a wuce giram 0.5, kada a rufe da wuri, iskar da nama ke fitarwa tana fasa murfin kariya, samfur ya tafi. A bari ya huce sarai kafin a buɗe. A farantin zafi kuwa, a zuba mililita 10 na asid a bar shi ya kwana a sanyi, washegari a ɗora a digiri 90 zuwa 95 da murfin gilashi har jan hayaƙi ya ƙare, a sauke ya huce, a riƙa ƙara feroksaid mililita ɗaya-ɗaya. Kada ya ƙafe. Ruwan ƙarshe ya zama garai. In akwai ɗigon mai a sama, narkewa ba ta cika ba.

Wannan ragowar tana da illa a ICP-MS: kabon yana haɗuwa da iskar agon ya fito a nauyi 52, wurin kuromiyam. Kilorin da agon kuma suna fitowa a 75, wurin asenik. A gaya wa mai na'ura samfurin na teku ne, ya karanta da iskar hiliyam, ya sa rodiyam ko indiyam a matsayin ma'aunin ciki.

Abin da zai raba gardama shi ne samfurin ma'auni mai takardar shaida. Akwai SRM 2976 na NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, garin naman ƙumba ne, dalmarsa 1.19, kadmiyam 0.82, tutiya 137 miligiram a kilo na busasshe. Akwai ERM-CE278k na Turai, akwai SRM 1566b na kawa. A kowane rukuni na samfur 20 a sa kwalbar fanko biyu ko uku, samfurin ma'auni ɗaya, da samfur ɗaya da aka narkar sau biyu. In abin da aka samu ya fita daga kashi 80 zuwa 120 na adadin takarda, a sake rukunin. Iyakar gani kuma ana fitar da ita daga fanko bakwai zuwa goma da suka bi dukkan matakai, a ninka warwatsuwarsu sau uku, ba daga littafin na'ura ba.

Sadiya_Tema

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. An duba, fitilar diyuteriyam a kashe take, kuma a 217.0 aka karanta. Saura tambaya biyu. Zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita, ita ce babban dalilin sa Shama cikin aikin, ko ragowar garin da aka busar a 105 zai yi? Sannan da wane ma'auni za a kwatanta sakamako don a ce ya wuce ƙa'ida?

Dakta_Rabi

Garin nan ba zai yi wa zaiba ba. Tana iya tashi a zafin obin, tana kuma tashi daga buɗaɗɗen mazubi a kan faranti, ba za ki san nawa ya ɓace ba. A ware mata ɗanyen nama a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifiri, ko wanda aka busar a daskare. Hanya mafi sauƙi ita ce na'urar da ke ƙone samfur kai tsaye ba tare da narkarwa ba, tsari mai lamba 7473 na EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka: ana sa wajen giram 0.1 a ɗan kwale-kwalen nikel, a ƙone cikin iskar oksijin, zinariya ta kama tururin, a sake shi a karanta a 253.7 nm. In ta hanyar tururi mai sanyi za a bi, a narkar a rufe, a sa ɗan asid ɗin haidirokilorik don zaiba kada ta manne wa bangon kwalba, a karanta cikin 'yan kwanaki. Wannan kwalbar daban take da wadda za a auna asenik a cikinta.

Kada ki sa ran lamba mai girma. Ƙumba da kawa suna ƙasan jerin masu cin juna, SRM 2976 ma maikurogiram 61 kacal yake da shi a kilo, kuma ƙasa da rabinsa ne nau'in metil mai hatsari. In zaibar haƙar zinariya ake nema, a haɗa da lakar bakin kogin mai laushi da naman kifi mai cin kifi.

In dole sai an sa Shama a jerin ƙumba, sai dai dasawa. A ɗebo masu girma ɗaya daga wuri ɗaya mai tsabta, a auna wani kaso nan take, a zuba sauran a kejin raga a rataye a teku daura da bakin kogin wajen wata uku, kamar yadda Ifremer ke yi a Bahar Rum tun 1996. Cikin kogin kansa Perna perna ba za ta jure ruwan daɗi na damina ba. A fara sanar da sarkin masunta na wurin, in ba haka ba keji yakan tafi cikin koma.

Nuhu_Awo

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na Tarayyar Turai, dokar 2023/915 da ta maye gurbin 1881/2006: ga masu ɓawo biyu dalma 1.5, kadmiyam 1.0, zaiba 0.5 miligiram a kilo. Amma na ɗanyen nama ne, naki kuma na busasshe. In ruwa kashi 80 ne, sai ki raba lambarki da biyar kafin ki kwatanta. Wato dalma 1.5 a ɗanye daidai take da 7.5 a bushe. Ki yi amfani da yawan ruwan da kika auna a kowane haɗi, ba biyar ɗin nan ba, don ramammiya ta fi ruwa. Rahotanni da yawa sun yi shelar an wuce ƙa'ida saboda wannan tsallaken kaɗai. Lissafin kansa: a cire fanko daga karatun, a ninka da mililita, a raba da giram. Karatu 0.012 a lita, mililita 25, giram 0.5, ya ba da 0.6 a kilo.

Ki lura kuma ma'aunin nan na abinci ne. Wuri yana iya zama ƙasa da shi nesa, amma ya ninka wurin kwatance sau huɗu, wannan kuwa gurɓata ce da ya kamata a rubuta. Asenik ma zai fito da yawa, 13.3 ne a SRM 2976, amma mafi yawansa a halittun teku nau'in asenobitain ne wanda jiki ke fitarwa, don haka jimillarsa ba ta nuna hatsari sai an raba nau'o'in.

Idan za ki aika wani ɗakin gwaji, ki raba kowane gari biyu ki riƙe rabi a kwalbar roba cikin mazubi mai shanye danshi. Ki sa wa kwalaben lambar da ba ta nuna wuri, ki cakuɗa jerinsu, ki saka samfurin ma'auni a tsakiya da irin lambar sauran, tare da gari ɗaya da aka zuba a kwalba biyu. Ki kuma nemi su ba ki karatun fankonsu tare da sakamakon.